Kama da Wane: Tarihin Jitar da Ke Ɗauke da Sunan Makaɗi

A watan Yunin 2004, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wata tsohuwar baƙar jita a kan dala 959,500. Jitar Eric Clapton ce, shahararren makaɗin nan ɗan Ingila, wadda ya laƙaba wa suna Blackie. Fentin bayanta ya goge, wutar sigari ta ƙona mata kai, wuyanta kuma ya siɗe saboda yawan riƙo. Bayan shekara biyu sai kamfanin Fender ya ƙera irinta guda 275, aka kwaikwayi kowane tabo da kowane ƙwarzane da ke jikinta, aka yanka wa kowace ɗaya farashin dala 24,000. Cikin yini guda aka saye su ƙaf.

Asalin jitar kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. A 1970 Clapton ya shiga wani shago a garin Nashville na Amurka, ya tarar da tsofaffin jitocin Stratocaster waɗanda kasuwarsu ta faɗi. Ya sayi shida, kowace a kan kusan dala ɗari, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari. Ya yi kyautar uku ga abokansa George Harrison da Pete Townshend da Steve Winwood. Sauran ukun kuma ya kwance su, ya ɗauki jikin wannan da wuyan waccan ya haɗa guda ɗaya. Wato dai tsofaffin kaya ne aka yi wa haɗe-haɗe.

To, me mutum yake saya idan ya biya kuɗin sabuwar mota don ya mallaki kwafin irin wannan jita? Tambayar ba ta tsaya ga attajirai ba. A yau duk wanda ya leƙa shafin kamfanin jita a intanet zai tarar da dogon jeri na jitoci masu ɗauke da sunayen makaɗa, tun daga masu araha da ake ƙerawa a Sin da Indunusiya har zuwa masu tsada da ake yi da hannu a Amurka. Ɗan koyon da ya daɗe yana tari ma yakan tsaya a gaban wannan jeri yana shawara. Tarihin wannan ciniki, wanda ya kai shekara ɗari biyu, ya nuna mana cewa abu uku ake cakuɗawa a sayar a farashi guda: ƙwarewar da makaɗi ya zuba a cikin ƙirar, da sunansa, da kuma jin kusanci da shi. Wanda bai rarrabe su ba yana iya biyan kuɗin ɗaya alhali yana zaton ɗayan ya saya.

Daga Biyena zuwa kundin kayan Sears

A farkon shekarun 1820, wani maƙerin kayan kiɗa a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, Johann Georg Stauffer, ya haɗa kai da wani gwanin jita ɗan Italiya mai suna Luigi Legnani. Suka fito da jita mai wuyan da ake iya ɗagawa ko a sauke shi da ɗan makulli, yadda makaɗi zai daidaita tazarar tsirkiya da wuya gwargwadon hannunsa. A takardar da ake liƙawa a cikin cikin jitar, an rubuta cewa bisa samfurin Legnani aka yi ta. Sauran maƙeran birnin ma suka bi sahu. A nan sunan makaɗin yana gaya wa mai saye wani abu takamaimai: an yi wannan kaya ne yadda mutumin da ya fi kowa iya shi yake so.

Bayan shekara ɗari, a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da jitar Nick Lucas. A lokacin banjo ce ke tashe a ƙungiyoyin kiɗa saboda ta fi jita ƙara. Lucas, wanda ya yi suna a rediyo da faifai yana waƙa yana kaɗa jita, ya nemi a yi masa mai zurfin ciki fiye da na yau da kullum don amonta ya cika. Aka yi, aka liƙa hotonsa a ciki, aka sa ta a kasuwa a kan dala 125, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Ƙirar ta yi ƙarko, domin a tsakiyar shekarun 1960 Bob Dylan ya riƙa hawa dandali da ita, a lokacin da matasa sun manta da Lucas.

A 1932 kuma aka ga wani salon na daban. Kamfanin Sears, wanda ke aika wa mutanen karkara kundin kayansa su zaɓa a kai musu ta gidan waya, ya fara sayar da jita mai sunan Gene Autry, mawaƙin da ke shigar makiyayan shanu na yammacin Amurka. An zana mata hoton makiyayi a kan doki, farashinta kuma bai kai dala goma ba. Yara da yawa da ita suka fara koyo. Sai dai shi Autry ba ita yake kaɗawa ba. A 1933 ya sa kamfanin Martin ya ƙera masa tasa ta musamman, aka ɗora sunansa a wuyanta da ado mai ƙyalli, kuma ita ce D-45 ta farko, wadda har yau take cikin jitocin Martin mafi daraja. Ke nan tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu hanyar ta rabu biyu: akwai jitar da makaɗi ya sa hannu a ƙirarta, akwai kuma wadda sunansa kaɗai ya bayar haya.

Sunan da ya haɗiye mai shi

Babu labarin da ya fi na Les Paul nuna yadda suna da kaya suke rikiɗa. Sunansa na yanka Lester Polsfuss, an haife shi a 1915, makaɗi ne kuma mai son taɓe-taɓen na'ura. A farkon shekarun 1940 ya ɗauki wani gungumen katako ya ɗaura masa wuya da tsirkiyoyi da maɗaukin sauti, wato ɗan maganaɗisun da aka naɗe da waya wanda ke mayar da motsin tsirkiya ya zama lantarki. Manufarsa ita ce ya rabu da kuwwar da jita mai rami a ciki take yi idan an ƙure ƙarar lasifika. Da ya kai wa Gibson, dariya suka yi masa.

Ba su daɗe suna dariyar ba. A 1950 Leo Fender ya fito da jitar lantarki marar rami, wadda aka sani daga baya da suna Telecaster, kuma ta samu karɓuwa. Gibson, ƙarƙashin shugabancin Ted McCarty, ya ga dole ya mayar da martani. A daidai lokacin Les Paul da matarsa Mary Ford suna kan ganiyarsu, faifansu na tafiya kamar wutar daji. Aka ƙulla yarjejeniya: za a sa sunansa a sabuwar jita, a riƙa ba shi kashi biyar cikin ɗari, shi kuma ba zai fito bainar jama'a da jitar wani kamfani ba. A 1952 ta shigo kasuwa, fuskarta ruwan zinariya, a kan dala 210.

Har bayan rasuwarsu ana taƙaddama kan wanda ya yi ƙirar. McCarty ya ce ma'aikatansa sun kusa gama ta kafin a nuna wa Les Paul, shi kuma Les Paul ya ce gudummawarsa ta fi haka. Abin da babu gardama a kai shi ne cewa kasuwar jitar ta yi sanyi a ƙarshen shekarun 1950. Mutane suna kukan nauyinta, suna kuma ganin ta tsufa. Tsakanin 1958 da 1960 kusan guda 1,700 kacal aka yi na samfurin da ake wa fenti mai kama da faɗuwar rana. A 1961 Gibson ya sauya fasalin baki ɗaya, ya fito da siririya mai ƙaho biyu masu tsini. Les Paul bai so ta ba, kuma zuwa 1963 an cire sunansa, aka bar ta da suna SG.

Daga nan sai wasu samarin Ingila da Amurka masu son kiɗan bulus na baƙar fatar Amurka suka shiga tono tsofaffin daga shagunan kayan hannu. Keith Richards ya fito da ɗaya a 1964. A 1966 Clapton ya naɗi faifai tare da John Mayall, ya haɗa tsohuwar Les Paul da akwatin ƙara sauti na Marshall, ya ƙure shi har amon ya yi kauri yana gurnani. Wannan amo ba shi da alaƙa da tattausan kiɗan da Les Paul yake yi. Amma shi ya sa farashin tsofaffin ya tashi, har Gibson ya dawo da ƙirar da sunan a 1968. Waɗancan guda 1,700 da aka rasa masu saye, yau kowace na iya kai dubban ɗaruruwan daloli.

Yanzu akasarin masu sayen Les Paul ba su taɓa sauraron kiɗansa ba, wasu ma ba su san sunan mutum ne ba. Sunan ya zama na kaya. Hasali ma har ana ɗora wani suna a kansa: akwai Les Paul ta Jimmy Page, akwai Les Paul ta Slash.

Sunan wani, farin jinin wani

Irin haka ta faru ga kamfanin Gretsch. A 1955 ya fitar da samfurin 6120 da sunan Chet Atkins, gwanin kiɗan karkarar Amurka. Masu talla suka cika ta da hoton kan sa da na ƙaya, har da tambari irin wanda ake ɗana wa shanu da wuta. Atkins bai ji daɗin wannan ado ba, a hankali ya sa aka riƙa cire shi. Inda ya fi sa baki shi ne abin da ya shafi amo, kuma daga nan aka kai ga wani samfurin nasa mai suna Country Gentleman.

A watan Fabrairun 1964 ƙungiyar Beatles ta fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum kusan miliyan 73 suna kallo, George Harrison kuma yana rataye da Country Gentleman. Nan da nan oda ta yi wa Gretsch yawa. Samarin da suka yi layi suna neman jita mai sunan Atkins, Harrison suke son zama. Haka ma jitar Trini Lopez da Gibson ya fitar a 1964. Dave Grohl ya sayi tsohuwarta a farkon shekarun 1990, ta zama ginshiƙin amon ƙungiyarsa ta Foo Fighters, har a 2007 Gibson ya sake ƙera kusan irinta da haruffan sunan Grohl. Kaya guda ne, an sauya masa uban gida.

Dalili na farko: an riga an yi maka gwaji

Dalilin da ya fi kowanne ƙarfi na sayen irin wannan jita shi ne cewa wani wanda ya yi dubban sa'o'i yana kiɗa ya gano wata matsala, ya kuma samo maganinta. B.B. King yakan cusa tsumma a ramukan jitarsa don ya hana ta kuwwa a dandali. Da Gibson ya fara ƙera samfurinsa mai suna Lucille a 1980, sai aka yi fuskarta a rufe, babu ramin sam. Duk mai fama da irin matsalarsa ya samu sauƙi, ko yana son King ko ba ya so.

A 1987 kamfanin Ibanez na Jafan ya fitar da JEM, wadda Steve Vai ya tsara dalla-dalla. Ya nemi a ƙara yawan ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya su kai 24, a rarake jikin yadda yatsa zai kai can ƙarshe, a kuma fafe ƙarƙashin gadar tsirkiya don sandar girgiza sauti ta iya ja sama kamar yadda take dannawa ƙasa. Ya ƙara da wani rami a jikin da ake zura hannu a ɗauke ta, da launuka masu kashe ido. A 1990 suka sake fitar da wata mai tsirkiya bakwai maimakon shida. Da farko ba ta yi kasuwa ba, sai da 'yan ƙungiyar Korn suka ɗauke ta suka gina wani sabon salo mai nauyin amo a kan tsirkiyar nan ta bakwai.

Fender bai shiga wannan harka a hukumance ba sai a 1988. Shekara uku kafin nan wasu ma'aikatansa suka saye kamfanin daga hannun CBS, suna neman hanyar dawo da martabarsa da ta zube. Clapton kuma ya jingine Blackie saboda ta gaji. Jitar da aka yi masa tana da wuya mai ɗan tudu a baya irin na tsofaffin da ya saba da su, da wata ƙaramar na'ura mai aiki da batir da ke ƙara wa sauti kauri, an kuma toshe sandar girgizar da ɗan katako tunda ba ya amfani da ita.

A 2016 Annie Clark, wadda aka fi sani da St. Vincent, ta tsara tata tare da kamfanin Ernie Ball Music Man. Ta yi la'akari da abin da aka daɗe ba a kula da shi ba: galibin jitocin lantarki an auna su ne da jikin namiji, kuma nauyinsu yana gajiyar da kafaɗa. Tata ba ta da nauyi, tana da siririn ƙugu, ba ta takura ƙirjin mace. Maza ma suka karɓe ta, har da Jack White.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan amfani. Sabon ma'aikaci yakan kwafi yadda wani gwani ya saita kwamfutarsa, da kayan aikin da ya zaɓa, da gajerun hanyoyin da ya tsara wa madannansa. Sauƙin da yake samu na gaske ne, domin abin da gwanin ya yi shekaru yana gwadawa an miƙa masa cikin minti biyar. Amma wasu saitunan an yi su ne don wata larura ta gwanin shi kaɗai, kuma za su zame wa wani cikas. Haka abin yake a jita. Samfurin Yngwie Malmsteen, wanda shi ma Fender ya fitar a 1988, an fafe katakon da ke tsakanin ƙarafan wuyansa yadda yatsa ba ya taɓa itace. Ga mai sassauƙan hannu irin nasa alheri ne. Mai danna tsirkiya da ƙarfi kuwa zai ji sautinsa yana kaucewa. Takalmin da aka ɗinka wa ƙafar wani yana iya matse taka.

Dalili na biyu: suna a matsayin shaida

Ɗan koyo bai san katako mai kyau ba, bai san maɗaukin sauti nagari ba. Idan ya ga sunan wanda yake girmamawa, sai ya ɗauka cewa wannan mutum ba zai yarda a zubar masa da mutunci a kan kayan banza ba. Wani lokaci zaton nasa daidai ne. Carlos Santana ya daɗe yana kaɗa jitocin Paul Reed Smith masu tsadar gaske. A 2001 kamfanin ya buɗe wani layi mai rahusa da ake ƙerawa a Koriya ta Kudu, mai suna SE, kuma da samfurin Santana aka fara, da nufin ɗalibai su samu abin kirki daidai ƙarfinsu. Jitar J Mascis da Squier, reshen Fender mai araha, ya fitar a 2011 ta samu yabo har daga mutanen da ba su san kiɗansa ba.

Sai dai suna ba ya zama shaida sai an san yadda aka same shi. Kamfani yana biyan makaɗi kaso, kuma wannan kaso daga aljihun mai saye yake fita. Wani makaɗin yakan yi shekara ana kai masa gwaji yana mayarwa. Wani kuma launi kawai ya zaɓa. Sannan sau da yawa suna guda yana kan jita hawa-hawa: ta hannu mai tsada, ta masana'anta matsakaiciya, da ta ƙasar waje mai araha, alhali wadda makaɗin ke hawa dandali da ita an yi ta ne daban, kuma yana da ma'aikaci na musamman mai gyara masa ita kullum. Darasin Gene Autry bai tsufa ba.

Akwai kuma tambayar sunan wa ake zaɓa. Sister Rosetta Tharpe, baƙar fata mai waƙoƙin coci, tana cikin waɗanda suka share wa kiɗan rok hanya da jitar lantarki, kuma a shekarun 1960 farar Gibson take kaɗawa. Har ta rasu a 1973 ba a yi jita da sunanta ba. Mary Ford ma gwana ce a jita, amma sunan mijinta kaɗai aka rubuta. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Fender ya yi samfurin mace ta farko, Bonnie Raitt, sai kuma a 2020 ya yi na baƙar mace ta farko, H.E.R. Jerin sunayen da ke kan jitoci yana nuna wanda kamfani ya yi hasashen zai kawo ciniki, kuma wannan daban yake da jerin gwanaye.

Dalili na uku: son kusanci

Wannan shi ne dalilin da mutane suka fi jin nauyin faɗa, kuma ba abin kunya ba ne. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam, George Newman da Gil Diesendruck da Paul Bloom, suka wallafa bincike a kan abin da ke sa mutane sayen kayan mashahurai. Sun gano cewa idan aka ce wa mutum rigar sanyin wani da yake ƙauna ce, amma an wanke ta an kashe duk abin da ke jikinta, sha'awarsa ta saye takan ragu. Wato a can cikin zuciya muna jin kamar wani abu na mutum yana maƙalewa a abin da ya taɓa.

Matsalar ita ce, jitar da ta fito daga masana'anta makaɗin bai taɓa ganin ta ba. Don haka kamfanoni suka ƙirƙiro abin da zai maye gurbin taɓawar. Suna kwaikwayon tsatsa da tabo da ƙonewar sigari. Suna haɗawa da takardar shaida mai lamba. Lokacin da Gibson ya kwaikwayi jitar Jimmy Page, an ware 'yan ƙalilan da ya riƙe ya ɗan kaɗa ya sa wa hannu, kuma su suka fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Wasu samfuran ma bayan mai sunan ya rasu aka sa su a kasuwa, kamar na Stevie Ray Vaughan a 1992 da na Jimi Hendrix, wanda ya rasu tun 1970.

Labarin Slash ya fi kowanne ban dariya. Jitar da ya naɗi akasarin faifan farko na Guns N' Roses da ita, wanda ya fito a 1987, tana da kamannin Les Paul ta ƙarshen shekarun 1950, amma ba Gibson ya yi ta ba. Wani maƙeri mai zaman kansa, Kris Derrig, shi ya kwaikwaya. Faifan ya dawo wa Les Paul da farin jini a lokacin da ake yayin wasu jitocin. A 2010 Gibson ya fitar da samfurin da ya kwaikwayi waccan jita. Kamfani ya kwafi kwafin kayansa, masoya kuma suka saya suna murnar sun samu ta asali.

Duk da haka, kada mu raina wannan dalili. Koyon jita yana da wuya, yatsu suna ciwo, kuma da yawa sukan watsar tun a watannin farko. Idan ganin jita irin ta gwaninka a jingine a ɗaki zai sa ka ɗauke ta kullum, to kuɗinka ya yi aiki. Abin gudu kawai shi ne mutum ya zaci amon yana cikin kwalin.

A cire sunan a ga abin da ya rage

Tarihi ya riga ya yi mana wani gwaji mai amfani, domin sau da yawa makaɗi yakan bar kamfani ya tafi da sunansa. Eddie Van Halen ya tsara jita tare da Ernie Ball Music Man a farkon shekarun 1990. Da ya koma Peavey a tsakiyar shekarun, sai kamfanin ya ɗan taɓa ƙirar, ya sa mata suna Axis, kuma har yau ana sayar da ita. Akwatin ƙara sautin da ya yi da Peavey mai suna 5150, da ya sake tashi sai aka mayar da shi 6505, kuma masu kiɗa mai nauyi ba su daina neman sa ba. A shekarar da JEM ta fito, Ibanez ya fitar da RG550, wadda kusan ita ce in ban da ramin hannu da ado da sunan Vai, a farashi mai sauƙi, kuma zuriyar RG ta zama cikin kayan kamfanin mafi kasuwa. SG ma ta rayu sama da shekara sittin ba tare da sunan Les Paul ba. Jitocin yara masu hoton makiyayi kuwa, da yayin ya wuce sai suka koma kayan masu tara tsofaffin abubuwa.

Saboda haka, wanda yake shawarar saye yana da tambayoyin da zai yi wa kansa. Mene ne a jikin wannan jita wanda babu shi a ta yau da kullum mai irin farashinta? Matsalar da makaɗin ya magance, ni ma ina da ita? Idan gobe na daina son kiɗansa, ko ya aikata abin da ya zubar da ƙimarsa a idona, zan ci gaba da jin daɗin riƙe ta? Wanda ya amsa da e ya sayi kayan aiki. Wanda ya san cewa ƙauna ce ta ja shi, kuma aljihunsa zai ɗauka, shi ma bai yi laifi ba, muddin ya san abin da ya biya wa kuɗi.

Yana da kyau kuma a tuna inda waɗannan amo suka samo asali. Jitar da Van Halen ya yi suna da ita, da hannunsa ya haɗa ta daga jikin dala 50 da wuyan dala 80, ga shi a 2007 an sayar da kwafinta guda 300 a kan dala 25,000 kowace. Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka sassaƙa tasa a farkon shekarun 1960, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki, domin ba su da kuɗin sayen ta kanti. A nan kusa da mu, Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008 kuma yanzu yake zagaya manyan dandalin duniya, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. Dukkansu sun fara ne da abin da hannunsu ya kai gare shi, suka yi ta gyara shi har ya dace da su. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kamfani zai iya sayar maka da irin katakon, da irin wayar, har da irin tabon, amma shekarun da mai sunan ya yi yana kiɗa kafin tabon ya fito, waɗannan kai za ka yi naka.